Bikin Hemis da masu kamara

Yau can cikin duwatsun Himalaya muka nufa, yankin Ladak na arewacin Indiya, inda garin Leh ke zaune a kan tudu mai tsawon mita 3,500. Kamar kilomita 45 daga Leh akwai wani gidan ibada na mabiya addinin Buda, sunansa Hemis. Duk shekara, tsakanin Yuni da Yuli, ana bikin kwana biyu a can don tunawa da haihuwar Padmasambaba, malamin da ya kafa addininsu a Tibet a ƙarni na 8.

Ana busa wasu dogayen ƙahonin tagulla, kai ka ce kakaki, sai dai muryarsu ta fi kauri. Sai masu ibadar gidan su fito tsakar gida cikin manyan rigunan alharini, kowa ya rufe fuska da wata fuskar da aka ƙera, wata da murmushi, wata haƙora waje da ƙoƙunan kai bisa goshi. Rawar ba ta gaggawa ba ce. A ɗaga ƙafa, a juya sannu, a dire. Ga mutanen wurin ibada ce, kallonta ma lada ne. Daga ƙarshe a daddatse wani mutum-mutumi na ƙullin gari, alamar an karya sharri. Akwai kuma wani ƙaton zanen malamin a kan yadi da ba a warware shi sai bayan shekara 12. An fiddo shi a 2016, sai kuma 2028.

To, tun da aka buɗe Ladak ga 'yan yawon buɗe ido a 1974, bikin ya samu wasu masu kallo. Wuraren zama masu kyau baƙi da kamara ke cika su, 'yan ƙauye kuma su yi ta leƙe daga baya. Wasu gidajen ibadar ma sun ɗauke bikinsu daga lokacin sanyi, sa'ad da manomi ba shi da aiki, suka maido shi lokacin zuwan baƙi, daidai lokacin da gonar sha'ir ke jiran hannu.

Mu da muka san Ingal da Gerewol, wannan ba baƙon labari ba ne gare mu. Ba za mu ce baƙi su daina zuwa ba, don kuɗinsu na taimakawa wajen gyaran tsofaffin gine-ginen. Amma a ganinmu, tsohuwar da ta hawo dutsen da carbinta tun asuba ita ta cancanci sahun gaba.