Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, Markus 10:13-16



A farkon zangon karatu na uku, dattawan ikilisiya suka ɗora wa zumuntarmu wani aiki. Suka ce mu riƙa jagorantar sujadar safe a 'yar makarantar firamaren ikilisiyarmu da ke gefen Rijiyar Zaki, kowace Litinin da Laraba. Muka karɓa da murna. Muna da ganga, muna da muryoyi, muna da ayoyi a ka. A zatonmu aikin bai wuce haka ba. Mun rubuta wannan ne domin mu ba da shaidar yadda Ubangiji ya tsauta mana ta bakin yaro ɗan aji huɗu.

Wata Laraba ce a watan Yuni. An kwana ana ruwa, kuma duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san abin da hakan ke nufi. Ko da yake gine-gine suna ta cinye gonaki a hanyar Gwarzo, gidaje da yawa har yanzu da gero da dawa da gyaɗa suke riƙe da kansu. Ranar shuka ba ta jiran kowa. Uba yana gaba da sungumi yana sara, yara suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Saboda haka yara da dama suka makara. Kamar yadda muka saba, muka sa su durƙusa a bakin ƙofa, ɗayanmu ya tsaya a kansu da bulala.

A cikin fili kuwa, ɗan'uwanmu yana koyar da Markus sura 10, inda aka kawo wa Yesu yara ƙanana, almajirai suka tsawata wa masu kawo su, shi kuwa ya ji haushin almajiran, ya rungumi yaran ya sa musu albarka. Muka yi waƙa, muka tafa, muka ce amin. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya waiga bakin ƙofa.

Da aka watse, sai wani yaro daga cikin masu durƙuson ya matso, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce, "Yaya, mu da muka makara, tamu addu'ar sai gobe ke nan?"

Babu wanda ya iya amsa masa. Mun gama ba da labarin almajiran da suka tare yara, ashe mu ne almajiran. Hausawa suna cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Allah ya buɗe alherinsa ga yaran nan, mu da aka ba aikin ɗebo musu muka tsaya a bakin ƙofa da bulala.

Wannan tambaya ta sa muka sake duba dukan abin da muke yi. Mako na gaba muka gwada wani abu. Yaran sun haddace Yohanna 3:16 da Turanci, suna rera ta ba gargada. Muka ce wani ya faɗa mana da Hausa abin da ayar take nufi. Fili ya yi tsit. Yara masu kaifin kai, masu iya lissafin canjin kuɗi a kasuwa, suka sunkuyar da kai. Ba laifinsu ba ne. Mun koya musu sauti, ba mu koya musu ma'ana ba.

Muka kai damuwar wurin wani dattijon ikilisiya, wanda iyayensa Maguzawa ne da suka karɓi bishara. Ya saurare mu har muka gama. Ya ce, "'Ya'yana, mu a fitilar ƙwai muka koyi karatu, kuma littafin da muka koya da shi Littafi Mai Tsarki ne na Hausa. Mai bishara ba ya barin aya sai tsohuwar da ke zaune a baya ta gane ta. Ku kuna da allo da benci, me ya hana ku?"

Maganar Baba ta tuna mana tarihin da muke mantawa. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano, Sarki Aliyu Babba bai yarda su zauna ba. Miller ya yi shekaru a Zariya yana aikin fassara tare da waɗansu, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Daga baya mishan ta SIM ta sami damar aiki a ƙasar Kano ta hanyar jinya, a asibitin kutare na Yadakunya da asibitin ido na Kano, kuma daga aikinta ne ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Mutane sun ƙarar da ƙuruciyarsu domin Maganar Allah ta shiga kunnenmu da harshen da muka sha a nono. Mu kuma muka mai da ita Turancin da yaro ba ya ji. Ba mu ƙi Turanci ba, jarrabawa da shi ake yi. Amma a Nehemiya sura 8, da aka karanta wa jama'a Shari'a, Lawiyawa sun bi suna bayyana ma'anarta har mutane suka fahimta, daga nan ne kuma zukata suka motsa.

Akwai abu na uku, shi ne ya fi ba mu wuya. A makarantar akwai 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi kaɗan, waɗanda iyayensu suka kawo saboda kusa ce kuma sun yarda da malaman. Da ma mukan jera su tare da kowa, har mukan harari wanda bai buɗe baki a waƙa ba. Shugabar makaranta ta zaunar da mu, ta karanta mana sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999. Sashen ya ba kowace al'ummar addini damar koya wa 'ya'yanta addininta a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyi. Ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga ibadarsa in ba nasa ba ne ko iyayensa ba su amince ba.

Muhawara ta kaure a tsakaninmu. Wata 'yar'uwa ta ce, "Ashe kunyar bishara za mu ji a makarantarmu?" Wani ya amsa cewa 'yan'uwanmu da ke makarantun da Kirista ba su da yawa, wannan sashen ne garkuwarsu, to yaya za mu nemi a kiyaye shi a can mu taka shi a nan? Muka je gidajen iyayen ɗaya bayan ɗaya. Wani uba ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa, ya ce, "Amanar karatunta na ba ku. Addininta kuwa ku bar mini." Muka yi masa alkawari. Har yau ba dukanmu muka zama baki ɗaya a kan kowane gefe na batun ba, amma mun yarda da abu guda: waƙar da tsoro ya fito da ita ba sujada ba ce, kuma wanda ya ci amana ya rushe shaidarsa da hannunsa.

Ga abin da muke yi yanzu. Sujada ba ta wuce minti 15. Labari ɗaya, aya ɗaya, a karanta da Hausa da Turanci, sai yara biyu su faɗi ma'anar da bakinsu. Wanda ya makara ya shigo ya tsaya a layinsa, maganar makara kuwa shugaba ce ke yi da iyaye daga baya. Yaran da iyayensu ba su amince ba suna zama a aji da malama suna karatun littafi, ba mai yi musu kallon banza. Ayar mako mukan rubuta ta a takarda yara su kai gida, domin Maimaitawar Shari'a sura 6 iyaye ta fara ɗora wa nauyin koyarwa, a zaune da tafe, da kwanciya da tashi. Makaranta taimako ne kawai.

Mun kuma bar yara su yi addu'a da kansu. A watan Yuli aka yi kwanaki babu ruwa, shuka ta fara lanƙwasa. Yaron nan mai taɓo a ƙafa ya ɗaga hannu. Ya roƙi Allah ruwa domin gonar babansa, da gonar maƙwabcinsu Alhaji, ya ce kada geron kowa ya mutu. Ba mu muka koya masa haka ba.

'Yan'uwa, da yawanmu muna koyarwa a Makarantar Lahadi, ko muna da ƙanne a gida. Mu tambayi kanmu a wannan mako: wane yaro ne yake durƙushe a bakin ƙofa yayin da muke waƙa a ciki?

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana inda muka tare yaran da kake kira. Ka ba mu harshen da za su gane, da haƙurin da za su gani, da gaskiyar riƙon amanar maƙwabtanmu. Ka albarkaci malamai da iyaye, ka ba gonakinmu albarka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.