Daga Sinnar zuwa Mai Wurno: wutar rana da tablon gida

Wanda ya taɓa hawa mota daga Sinnar ya nufi kudu ya san hanyar. Bahar Azrak na hagu, ƙasa baƙa shimfiɗe, kafin a jima sai ga Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakanninmu da yawa sun zo da niyyar Makka, sai ginin dam ɗin Sinnar, wanda aka gama a 1925, da noman auduga na Jazira suka riƙe su. Daga baya aka gina na Rusairis a 1966, manyan wayoyinsa suka miƙe arewa zuwa Hartum, suna ratsa ƙauyuka da dama da ke kwana da fitilar hannu.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wutar gwamnati ta zama baƙuwa ko a garuruwan da suka saba da ita. Shi ya sa matafiyi zai ga faifan sola bisa rufin kwano, bisa rakuba, har gefen gona inda yake jan famfon ruwa. Rana kam ba a saye.

To jama'a, ba faifan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke cikin ɗaki ne. A wani ƙauye kusa da Sinja mai gida ya nuna mini inbatarsa da alfahari, sai na ga ya sa wa waya kai biyu, ya cusa ɗaya a inbata, ɗaya a soket ɗin bango. Gida duka ya haskaka, amma babu abin da ya raba shi da layin waje. Wutar inbata mai bolt 230 za ta iya bin waya ta koma taransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubbai, alhali ma'aikaci na bisa falwaya yana gyara, a zatonsa layi a mace yake. Ran da kuma wutar gwamnati ta dawo ba sallama, ta tarar da ta inbata a waya ɗaya, kuɗin amfanin gonar shekara sun zama hayaƙi. Irin wannan inbata ba a yi ta don ta haɗa hanya da wutar layi ba.

Maganin ba shi da tsada. Tsakanin mita, wadda a nan ake wa laƙabi da jamra, da tablon gida, sai a sa makunni mai juyi uku: layi, kashe, inbata. Ya yanke wayoyi biyun duka, ba mai wutar kaɗai ba. Ma'aikatan da suka san aikinsu sukan ƙara ƙaramin tablo daban, su ɗora masa fitilu da fanka da firiji, su bar dutsen guga da abin dafa ruwa a tsohon. Injin famfo ma a yi hattara da shi, domin lokacin tashi yakan ja ninki da yawa na abin da aka rubuta a jikinsa.

Inda aka fi rowa shi ne wayar batir. Kayan wat 2,400 kusan amfiya 10 suke ja a bolt 230, amma a gefen batir mai bolt 24 amfiya 100 ne, har da ɗori. Siririyar waya a nan garwashi ce, ga ɗakunanmu da ciyawa a kusa. Sai mai kauri, gajera, da fis dab da batir, da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa aka ɗaura jikin inbata da ita.

A Mai Wurno bayan la'asar na ga yara bisa tsani da tsumma, suna share ƙurar da iska ta zuba wa faifai.