Sunan da Binuwai Ya Haɗiye

Rubutu ne sana'ata, irin wanda ake yi da buroshi da gwangwanin fenti. Allon shago, goshin gingimari, bangon makaranta, duk na zana musu haruffa a garin nan na Lafiya har ido ya fara gaza mini. Na shiga hannun maigidana a 1971, muna ƙarƙashin Jihar Binuwai-Filato, ana biyan mu da fam da sule, don naira ba ta fito ba sai 1973. Ranar farko ko buroshi bai bar ni na taɓa ba. Alli ya miƙo mini, ya ce in rubuta harafi ɗaya a jikin katako, in yi taku 30, in waiwayo. Na waiwayo ban ga komai ba sai ɗan farin tabo. Ya ce, "To ɗana, wa ka rubuta wa?"

Na ɗauka na gane wannan tambaya. Musamman da aka koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, masu motar da suka yi tsimi suka rubuta suna a gefe guda, gefen da ke kallon mutanen bakin titi, suka riƙa dawo mana da motocinsu a sake musu a ɗaya gefen. Na ce ai shi ke nan, na san sirrin aiki: a duba inda mai karatu yake tsaye. Ashe da sauran karatu a gabana, kuma a bakin ruwa zan yi shi.

Wajen farkon shekarun 1980 wani ɗan kasuwa ya aiko a kira ni Tunga, can bayan Awe, a gaɓar Binuwai. Ya sa an ƙera masa sabon jirgin katako na dakon kaya, yana so a rubuta masa suna. Na tarar da jirgin a kan rairayi, an tallafe shi da kututture, warin kwalta na tashi. Ban taɓa ganin fili mai daɗin rubutu irin cikinsa ba: katako mai faɗi, sumul, ba ƙusa ba lanƙwasa. Na shafa wa zare alli, na ɗaure, na ja na saki, layi ya fito sambal. Na shafe da shuɗi, na ɗora farin rubutu, manyan haruffan kusan kamu guda: Haƙuri Maganin Duniya. Kwana biyu na yi a kai. Wani tsoho mai fito yana zaune a gindin bishiya yana gyaran raga, yakan ɗago ya dube ni ya mayar da kai. Bai ce mini uffan ba, ni ma ban tambaye shi ba. Na ga kamar mutumin ƙauye me ya sani game da boko.

Bayan mako uku na koma karɓar ragowar kuɗina, ranar ta yi daidai da lodi. An cika jirgin da doya da buhunan gishirin Awe, ya nutse har saura taƙi biyu ruwa ya taɓa bakinsa. Aikina na kwana biyu yana can ƙasa wurin kifaye. Abin da ya rage a sama kawunan H da M da D ne, sai ƙugiyar ƙ tana leƙe kamar idon kada. Yaran jirgi har sun raɗa masa suna, Mai Leƙe, kuma da shi aka kira shi har ya tsufa, ko da yake na sake rubutun a kan kuɗina.

Sai a ranar na je na durƙusa gaban tsohon nan. Ya ja ni wurin tsofaffin jirage ya nuna mini wani layi a jikin kowannensu, inda gansakuka ta tsaya katako ya canza launi. Ya ce, "Yaro, ruwa ya riga ka rubutu. Daga nan zuwa ƙasa nasa ne." Shekaru da yawa bayan haka ɗana ya karanta mini cewa manyan jiragen teku ma suna da irin wannan alama ta iyakar lodi, wadda wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutuka har ta zama doka a 1876. Tsohon Tunga bai san da shi ba, amma layin guda ne.

Daga nan na daina rubutu a cikin jirgi, na koma goshi, dama da hagu. Goshi shi ke ɗagawa in an tayar da inji. In jirage suka jeru a mashigi kuwa, kowanne ya kafa hancinsa a gaɓa, gefe na gogar gefe, goshin kaɗai mai neman jirgi ke gani. Baya kuma hayaƙin inji da baƙin mai sun ishe shi. Na san masu jiragen shaƙatawa da iska ke turawa, irin na kulob ɗin Legas da aka kafa a 1932, sun fi son suna a baya, don nasu bayan shafaffe ne kuma babu buhu ko ɗaya da za a ɗora. A Amurka doka ta ce jirgin da ke da rajistar tarayya haruffan sunansa kada su gaza inci 4. Wannan ya yi wa mai tsayuwa a kan gada kusa da jirgi. A Binuwai, in ruwa ya cika a watan Satumba, inci 4 tururuwa ce. Ban sake yin ƙasa da taƙi guda ba, fari a kan duhu, da tazarar da ɗan yatsa biyu zai shiga tsakanin harafi da harafi.

Rigimar da na fi sha da masu jirgi ita ce ta tsawon suna. Mutum zai zo da Alhaji, da sunansa, da na mahaifinsa, da sarautarsa, da "da 'Ya'yansa", duk a goshin da bai wuce kamu huɗu ba. Kowace kalma ya ƙara, haruffa su ƙanƙance. Nakan ce, "Alhaji, kai ka san jirginka ko a duhu. Zaɓi kalma biyu." Wasu sun yi fushi sun kai wa wani. Ban yi nadama ba, domin ranar da jirgi ya kife, abin da 'yan uwa ke tambayar mutanen gaɓa shi ne wane jirgi ne, kuma wanda ya hango daga nesa ba zai iya faɗin abin da bai iya karantawa ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da ke Lakwaja tun 1997 tana yi wa jirage rajista, amma matar da mijinta bai dawo ba da suna take cigiya.

Akwai kuma abin da ban taɓa yarda ba ko nawa za a biya: sa sunan Allah inda ƙafa ke takawa ko inda ake kwarara ruwan da aka kwalfe. Irin wannan sai a jikin rumfa, can sama. Na kuma sha yin gefe guda da ajami, don masu fito da yawa shi suka fi gani da sauri.

Yanzu yara ke yin aikin da kwamfuta a shagunan da ke hanyar Jos, su yanko sitika cikin rabin awa, haruffansu sun fi nawa daidaito, ban musa ba. Amma kwanan baya na ga wani ya karɓi awon jirgi ta waya. 'Ya'yana, in aka kawo muku aikin jirgi, ku shiga mota ku je Tunga ko Loko ranar lodi, ku nemi layin gansakuka, ku bar taƙi guda a samansa kafin ku manna harafin farko.