Kifi Ma Yana Da Garinsu

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, kifi ma haka yake, kuma duk wanda ya ajiye shi cikin akwatin gilashi bai lura da wannan ba, wata safiya zai tarar da shi ya juya ciki sama.

A dubi kogin Negro na ƙasar Brazil. Ruwansa ya yi duhu kamar shayi, yana da tsami-tsami, saboda ganyayen daji da ke ruɓewa a ciki. Mai kiwon kifayen wannan kogi sai ya zuba yashi da saiwoyi da busassun ganyaye, ya rage haske. Tafkin Tanganyika na Afirka ta Gabas kuwa ruwansa garau ne, mai sinadari irin na kanwa, har akwai ƙananan kifaye da ke yin ƙwai cikin ɓawon katantanwa. In aka haɗa kifayen wuraren nan biyu a akwati guda, lalle wasunsu za su cutu.

Marigayi Takashi Amano, mutumin Japan da ya rasu a 2015, ya gane cewa daji shi ne malami. Ya yi shekaru yana ɗaukar hotunan dazuzzukan Amazon da Borneo, yana kwaikwayon tsarinsu cikin akwati. Shi ne kuma ya yaɗa dabarar sa ƙananan jatan lande su riƙa cinye gansakuka.

Saboda haka, kafin a tambayi kuɗin kifi, kamata ya yi a fara tambayar ruwan da ya fito, domin rai ne, kuma amana ce.