Shekarar da Muka Zana Dagin Arewa

Duk wanda ya karanta ilimin kwamfuta a jami'a a ƙarshen shekarun 1990 zai tuna cewa rabin karatun da alli ake yin sa. A rubuta shirin Pascal a allo, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu juye shi a takarda. Na'urori ba su da yawa, mutum uku ko huɗu ke zagaye guda ɗaya, kowa da fulofinsa a aljihu. Ana cin jarrabawa, amma da za a ce a rubuta abin da ba a taɓa gani a allo ba, sai aji ya yi tsit.

A aji uku ne wani malami, Allah ya saka masa da alheri, ya karɓi darasin zane da kwamfuta. Ranar farko ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kafin ƙarshen zango kowane rukuni ya sa na'ura ta zana dagin Arewa, ta kuma cika shi da launi. Muka ce, "Malam, ai ba a koya mana ba." Ya ce, "Ku je ku rubuto mini abin da ba ku sani ba, da shi za mu fara."

Abu na farko da muka gano shi ne fuskar na'urar ɗigo-ɗigo ce: 640 a kwance, 480 a tsaye, jimilla 307,200, da launi 16 kacal. Ƙirga kuwa daga kusurwar sama ta hagu yake farawa, yana ƙaruwa zuwa ƙasa, saɓanin yadda muka saba a darasin lissafi. Saboda haka zanen farko na rukunoni da dama a kife ya fito. Babu wanda ya jira jan biron malami, kowa ya ga kuskuren da idonsa. Gani ya kori ji.

Daga nan kowace matsala ta riƙa haifo 'yar'uwarta. Yaya za a ja miƙaƙƙen layi a kan ɗigogi ba tare da ya tsinke ba? Neman amsar ya kai mu laburare, inda muka haɗu da dabarar da Jack Bresenham ya ƙirƙiro a kamfanin IBM a 1962, wadda ke zaɓen ɗigo na gaba da tarawa da ɗebewa na cikakkun lambobi kawai. Lanƙwasar dagin ta tilasta mana tono lissafin kusurwoyi da muka baro tun sakandare. Wajen cika launi muka rubuta aikin da ke kiran kansa da kansa, ɗigo bayan ɗigo, har ma'ajiyar na'urar ta cika, shirin ya tsaya cak. A ranar muka fahimci amfanin jera aiki a layi, na farko ya fara fita, darasin da muka haddace shekara guda kafin nan ba tare da mun san inda za a kai shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da aikin ya fito da su. A rukuninmu akwai wani ɗan gidan masu aikin babbar riga, ba ya cikin masu manyan maki. Shi ya nuna mana cewa zaren dagi sama yake bi a mahaɗa ɗaya, ya bi ƙasa a ta gaba, ba ya saɓawa. Da wannan ƙa'ida muka tsara jadawalin mahaɗai, zanen ya saƙu. Wata ɗaliba ta gano inda launi ke yoyo, ɗigo ɗaya tak da ya ɓace a bakin zane. Idan aka ɗauke wuta, sai mu koma kan takarda mai gida-gida, muna cike ɗigogi da fensir har a dawo da ita.

Sai daga baya na san wannan hanya tana da tarihi. Makarantar koyon likita ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ta fara da ita a 1969, inda ake ba ɗalibai matsalar mara lafiya kafin a yi musu lacca. Seymour Papert da abokan aikinsa sun kawo harshen Logo a 1967, wanda daga baya yara suka riƙa koyon lissafi da shi ta hanyar tuƙa kunkuru mai zane. A shekarun 2000, Jami'ar Clemson a Amurka ta gina darussanta na farko na ilimin kwamfuta a kan sarrafa hoto da bin sawun haske. Malaminmu bai taɓa ambaton ko ɗaya daga cikinsu ba, aikin kawai ya sa mu.

Yau ni ma ina koyarwa, kuma wayar da ke hannun ɗalibina ta fi duk na'urorinmu na wancan lokaci ƙarfi. Abin da nake kewa shi ne hayaniyar rukuni a kan layin da ya karkace, da ihun murna idan ya miƙe. Shi ya sa nake ba 'yan aji ɗaya zanen hula ko na tabarma tun makon farko. Ɗalibin da ya sha wahalar neman amsa kafin a ba shi, shi ne ke riƙe ta bayan ya bar makaranta.