Ƙanzon Tuffa

Duk shekara idan muka zo darasin fassara, akwai wata kalma ta Ingilishi da ɗalibai ba su ɓata lokaci a kanta. Ita ce sunan lokacin nan da ke faɗowa tsakanin zafi da hunturu a ƙasashen Turai da Amurka. Kafin mu rufe baki sun ce "kaka", sun wuce gaba, domin haka ƙamus ya faɗa, haka kuma aka koya mana mu ma. Mukan ba su makinsu cikakke. Amma a zuci mukan ji nauyin abin, saboda mun zauna cikin wannan lokaci har sau huɗu a can inda yake, mun kuma san cewa da shi da kakarmu akwai 'yar tafiya. Wanda ya fara nuna mana wannan rata kuwa wani kwanon gasasshiyar tuffa ne, a ɗakin girkin wata tsohuwa.

A watan Agusta na shekarar 2012 muka sauka birnin Madison na jihar Wiskonsin domin karatun digiri na uku. Gari ne da ke zaune tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona, kuma sunansa ba baƙo ba ne ga masu nazarin Hausa, tun da a jami'arsa ne Neil Skinner ya daɗe yana koyarwa. Iyali muka bari a gida, saboda guzurin bai kai na mutum biyu ba. Muka sami ɗaki a saman benen wata gwauruwar tsohuwa, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, 'ya'yanta kuma kowa ya kama gabansa. A gabanta mukan kira ta da sunan mijinta kamar yadda al'adarsu take, amma a wasiƙun da muke aikawa gida Kaka muke ce mata. Ba mu lura da cewa sunan ya zo ɗaya da na lokacin girbi ba sai daga baya.

A bayan gidan akwai bishiyar tuffa guda ɗaya wadda marigayi mijinta ya dasa, irin da ake kira Haralson, mai tsami, wanda Jami'ar Minesota ta fitar domin ya jure sanyin wannan yanki. Shekarar da muka zo ba ta yi 'ya'ya ba, sai 'yan tsiraru da tsuntsaye suka riga mu. Kaka ta bayyana mana dalili. A watan Maris na 2012 an yi wani zafi da ba a saba gani ba, itatuwa suka ruɗu suka fid da fure tun lokaci bai yi ba, sai ga jaura a watan Afrilu ta ƙone furen. Asarar ta game yankin, ta fi muni a jihar Mishigan, inda mafi yawan amfanin tuffa na shekarar ya salwanta. Mu da muka tashi a gidan noma ba mu buƙaci dogon bayani ba. Mun san abin da ke samun manomin da ya yi shuka da ruwan farko, sa'an nan sama ta ɗauke.

To, wannan lokaci nasu dai kyakkyawa ne, babu musu. Ganye ya rine, wani ja wur, wani rawaya kamar an barbaɗa masa kurkur, har mutane kan ɗauki mota su tafi kallo. Kasuwar manoma da ke ci kowace Asabar kewaye da majalisar jihar takan cika da kabewa da tuffa da zuma. Sai dai duk wannan ado na ban kwana ne. Ganyen nan da ya yi ja, mutuwa yake yi. Agwagin daji suna jere a sama suna barin ƙasar. Rana tana ta gajarta, ran Lahadin farko na Nuwamba kuma a mai da agogo baya da awa ɗaya, ka ga duhu ya rufa tun biyar ba ta yi ba. Kowa na toshe kafofin taga yana fito da barguna, kamar garin da ya ji labarin mahara.

Kakarmu fa? Kakarmu fita ce daga wuya. Mutum ya ƙetare marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tuwo ya koma sau ɗaya a wasu gidaje. Yara su gasa tumu a bakin gona, a yanke gero a ɗaure dammuna, mai bashi ya biya, mai neman aure ya kai kaya, 'yan dambe da makaɗa su shiga gari. Bahaushe idan ya ji "kaka" dariya yake ji. Su kuwa idan suka ambaci nasu, akwai wani ɗan sanyin jiki a ciki, irin na wanda ya rako baƙo tasha.

Shekarar 2013 bishiyar ta rama. Ta yi 'ya'ya har sai da aka tokare rassanta da sanduna. Mun taya Kaka tsinka a ƙarshen Satumba, muka jera masu lafiya cikin kwalaye a ɗakin ƙasa mai sanyi, waɗanda suka faɗo da kansu suka ƙuje kuma aka ware su cikin wani kwando a bakin ƙofa.

Kwana uku bayan Babbar Salla, a tsakiyar Oktoba, waya ta tashe mu da misalin ƙarfe uku na dare. A gida tara ta safe ce, tun da awa shida ke tsakani. Yayanmu ne. Bai yi doguwar magana ba, ya ce, "Sai haƙuri, Inna ta cika da asuba." Kafin rana ta fito a Madison an riga an kai ta makwancinta. Ko da akwai kuɗin jirgi, kuma babu, ba abin da za mu tarar sai tabarmin zaman makoki.

Wanda bai taɓa karɓar gaisuwar mutuwa ta waya ba, ba zai gane irin wannan kaɗaici ba. A gida, mai rashi ba ya samun sukunin zama shi kaɗai. Zaure cike, maƙwabta na shigo da kwanuka, wani ya yi addu'a, wani ya kawo labarin da ba shi da alaƙa da komai don dai a rage nauyi. 'Yan'uwa ɗalibai Musulmi sun zo bayan sallar Juma'a sun yi mana ta'aziyya, Allah ya saka musu, amma kowa da ajinsa da aikinsa. Kwana biyu muka yi a ɗaki muna kallon ganye na zuba.

A rana ta uku da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kaka ce, da ɗan ƙyallen girki ɗaure a ƙugu. Ta riga ta ji labari, ta kuma yi mana gaisuwa irin tasu tun ranar farko. Wannan karon ba ta ambaci rasuwar ba. Cewa ta yi, "Ɗana, yatsuna sun ƙi yau, ga tuffa can za ta lalace. Sauko ka fere mini." Muka so mu ba da uzuri, amma tsohuwa ce, ba a yi mata gardama a kan aike. Muka sauka.

Ta tura mana kwandon nan na bakin ƙofa da 'yar wuƙa. Ta ce wannan abinci ba ya son tuffa mai kyan gani. Masu kyau na ajiya ne. Nasa su ne masu tabo, a yanke wurin da ya ƙuje ko tsutsa ta shiga, a yi amfani da saura. Muka fere guda takwas, muka cire ƙwallayen ciki, muka yayyanka kamar kaurin ɗan yatsa. Ta matsa rabin lemon tsami a kai, domin tuffa da zarar ta sha iska sai ta yi duhu, kamar yadda yankakkiyar doya ke yi. Ta zuba sukari cokali biyu, fulawa cokali ɗaya don ruwan ya yi kauri, da garin kirfa, da ɗan kankaren gyaɗar ƙamshi. Aka juya, aka shimfiɗa a kwanon gashi.

Sa'an nan aka zo kan abin da ya ba abincin sunansa. Suna ce masa "aful kiris", wato tuffa mai garas-garas, ko da yake kunnenmu na Bahaushe "ƙiris" ya ji, har muka ɗauka ɗan kaɗan za a ba mu. A wani kwano ta auna fulawa kofi ɗaya, da hatsin ot kofi ɗaya, irin wanda ake sayarwa a gwangwanin Quaker, da jan sukari kusan kofi, da ɗan gishiri. Ta ɗauko bota rabin kofi daga firji, mai sanyi ƙarara, ta yayyanka a ciki. Ta ce mu sa hannu mu murtsuke da kan yatsu, ban da tafin hannu, don kada ɗumin jiki ya narkar da man. Idan ya narke tun a kwano, in ji ta, abin zai fito kamar taɓo. Ana so ya zama ɓarɓashi mai 'yan dunƙule-dunƙule, yadda in ya shiga wuta kowane ɗan curi zai soye a inda yake. Duk macen da ta taɓa murza dambu ta san wannan aiki. Mu dai ba mu taɓa ba, kuma mun daɗe a kai fiye da kima, ita kuwa ba ta hanzarta mu ba.

Aka barbaɗa shi a kan tuffar ba tare da an danna ba, aka sa a obin mai zafin digiri 350 a ma'auninsu, wato kimanin 180 a namu, na minti 45.

Muna jira ne muka tambaye ta me ya sa ba ta yi fai ba, wato gashin tuffar nan da ake naɗewa cikin kwaɓaɓɓiyar fulawa, wanda Amurkawa ke alfahari da shi. Ta ce ɓawon nata fai da kitsen alade take yi, yadda uwarta ta koya mata, ta kuwa san ba ma ci. Ashe ta yi wannan lissafi tun kafin ta hau bene. Daga baya, da halin ɗan makaranta ya motsa, mun bincika mun ga abincin ba wani tsoho ba ne. Yana cikin wani littafin girki da Isabel Ely Lord ta fitar a 1924, ɗan'uwansa na Ingila kuma ya yaɗu ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka taƙaita wa mutane mai da sukari. Abincin ƙaramin ƙarfi ne, na wanda ba shi da kayan yin fai ko lokacinsa.

Sai mu faɗi gaskiya, ba mu sa ran zai yi mana daɗi ba. A wurinmu ɗan itace ɗanye ake cinsa. Wa ya taɓa gasa mangwaro? Kayan zaƙinmu kuma, su alkaki da nakiya da dubulan, na biki ne da gara, ba a ajiye su a ƙarshen tuwo. Amma tun kafin a buɗe obin ƙamshin kirfa ya cika gidan, gilashin taga ya yi gumi, waje kuma ya yi duhu. Da ta fito da kwanon, ruwan tuffar na tafasa a gefe-gefe, saman ya yi ja. Ta ce a ba shi minti goma ya huce.

Cokalin farko ya fasa ɓawon da ɗan ƙara. Ƙasa laushi da tsami, sama garas-garas da ɗan ɗacin ƙuna a bakin kwano. A nan ne abin ya zo mana. Ƙanzo ne. Ƙanzo ne aka juya shi ya koma sama. Inna ta kasance idan ta kwashe tuwo takan kankare gindin tukunya ta shanya a kan rufin ɗaki, ta tara a wani ƙyalle, duk ranar komawa makarantar kwana ta cusa mana a akwati tare da ƙuli-ƙuli. Tun ranar da aka yi waya ba mu yi hawaye ba sai a wannan teburi. Kaka ba ta ce komai ba. Ta tashi ta ɗora ruwan shayi, ta daɗe tana neman kofin da ke gabanta.

Mun sha jin suna kiran irin wannan abinci da sunan da ke nufin abincin lallashi, muna ɗauka shagwaɓa ce ta mutanen da ba su san yunwa ba. A ganinmu yanzu mun yi musu gaggawar hukunci. Ba a lallashin wanda ba abin da ke damunsa. Mutanen da ke kallon hasken rana na ƙarewa, sun san wata biyar na ƙanƙara na tafe, su ne suka kunna wuta suka zuba sukari a kan 'ya'yan itacen da suka fara lalacewa. Tumu murnar abin da ya iso ne, wannan kuwa na jiran abin da ke tafe ne. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki duka biyun ba, amma har yau ba mu samo wadda ta fi ba, shi ya sa muke ba ɗalibai makinsu.

Mun dawo gida a 2016, aiki kuma ya kawo mu nan Kudu, inda babu kakar gero balle ta zubar ganye. A watan Oktoba ma ruwa bai gama ɗaukewa ba. Duk da haka, idan tsakiyar watan ya zo mukan sayi koren tuffa guda takwas, irin mai tsamin nan da ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu, a kan kuɗin da uwargida ba ta gajiya da yi mana lissafinsa da mudun shinkafa. Wuta ba ta da tabbas, don haka a babbar tukunya muke gasawa, a zuba yashi a gindi, a ɗora garwashi a kan murfi, yadda mata ke gasa kek. Bota kan fara narkewa tun kafin mu gama murzawa, sai mun ɗora kwanon a kan ƙanƙara. Takardar da Kaka ta rubuta mana ma'auni da hannunta mai rawa tana nan cikin ƙamus, ta sha mai har ana ganin bayanta.

Yara ba su san ranar mece ce ba, ba mu kuma faɗa musu ba tukuna. Sukan kewaye kwanon da cokula su cinye saman tas, su bar mana tuffar. Bara ne ƙaramar, wadda aka sa wa sunan Inna, ta ɗago kai ta ce, "Baba, gobe ka yi ƙanzon kawai."