Darasin da Muka Koya a Bakin Karofi

Idan aka tambaye mu abin da muka riƙe daga firamare, da wuya mu kawo shafi guda na littafin nazarin zamantakewa. Amma ranakun da aka loda mu a mota, kowa da gorar ruwansa da ɗan kuɗin kashewa, suna nan daram a ranmu.

Sau nawa muka rubuta a jarrabawa cewa Kano ta shahara da rini? Mun ci maki kuwa. Sai da aka kai mu marinar Ƙofar Mata, warin baba ya doki hancinmu, sannan maganar ta zauna. Marini ya tsoma farin ƙyalle a karofi, ya ɗago shi kore-kore, a gaban idonmu ya rikiɗe ya koma shuɗi. Har masu surutun aji suka yi tsit. Yanzu da muke karatun kimiyyar sinadarai mun san dalili. Launin baba ba ya narkewa a ruwa, sai an jiƙa shi da toka an bar shi kwanaki ya tsimu. A haka yake shiga cikin zare. Da an ɗago ƙyallen iska ta buge shi, sai launin ya koma yadda yake tun asali, ya maƙale ya ƙi fita. Shi ya sa marini ke ta tsomawa yana ɗagowa har ƙyalle ya yi duhun da yake so. Bai taɓa kiran sunan oksijin ba, amma da ita yake aiki kullum.

Gidan Makama kuwa, wanda aka gina tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), mun fi tuna sanyin ɗakunansa da tsakar rana ba fanka, saboda kaurin ginin ƙasa, fiye da kayan tarihin da ke ciki. A kan Dala muka zauna muna haki, Malam yana ba mu labarin Barbushe, yana nuna mana Goron Dutse da ragowar ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara. Ita dai ganuwar kullum zaizayewa take yi, wasu wuraren ma gini ya cinye.

Wata fitar ko mota ba ta buƙata. Bayan makaranta kawai aka zaga da mu, aka tsayar da mu gindin gawo da rani, yana kore shar alhali sauran itatuwa sun kaɗe. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Manomi ba ya sare shi.

Abin da ke damunmu shi ne ƙannenmu. Da yawansu sun gama firamare ba su fita ko sau ɗaya ba, saboda tsadar mota da fargabar hanya. Waɗanda aka fitar ma sau da yawa kantin zamani ake kai su, su hau lilo su sha askirim. A ganinmu wannan shaƙatawa ce, ba darasi ba. Mu da muka girma muna iya neman izini a gida, mu kama hannun ƙani ɗaya ko biyu ranar Asabar, kuɗin Adaidaita Sahu kawai. A tafi da tsohuwar farar riga, a nemi marini ya bar yaron ya tsoma da hannunsa.